Neman kalma: me za mu kira spline da Hausa?

Salamu alaikum jama'ar zango, musamman 'yan'uwana fitoci, wato makanikai, na Suame Magazin, unguwar gareji ta Kumasi, da duk wanda hannunshi ke shan giris. Wata kalma ce ta tsaya min a wuya tun ranar Asabar, nace bari in kawo ta nan mu yi mata taron dangi. Turawa na ce mata spline, wato tsagogin da ke jere a bakin sandar inji waɗanda ke shiga ramin wani ƙarfe su juya tare, mu a gareji mukan ce sifilan ko mu ce haƙora kawai mu wuce, kuma shekara da shekaru hakan na isar mu, sai wannan karon da na zo yi ma yaro bayani na ga haƙora kaɗai bai kai ni inda nake so ba.

Ga yadda akai. Ɗan yayata da ke Aboabo shi da abokanshi biyu sun daɗe da ƙulafucin haɗa ƙaramin jirgin sama na mutum biyu, kar hankalin kowa ya tashi, ko fiffike babu tukuna, inji kawai suka ɗaure kan firam ɗin ƙarfe a bayan gida suna gwadawa, tsohon injin Subaru mai fistin 4 da farfelar katako, tsakaninsu kuma wani ɗan akwatin giya da suka haɗa da kayan giyabos na mota. Suna cikin gwaji sai inji ya ɗau kuka ya haura sama kamar an taka totur ba a sa giya ba, ita kuma farfela ta dinga rage gudu har ta tsaya. Ya kashe ya kwance, ya naɗo sandar da ke ɗauke da sifilan ɗin a tsumma ya kawo min, yace Kawu duba min, inji lafiya lau, giya ba wadda ta karye, amma ƙarfi ba ya isa gaba.

Sandar ba ta fi taƙi ɗaya ba. Bakinta inda ya kamata a ga tsaga-tsaga sun miƙe a jere bisa tsawonta ya suɗe sumul, sai ɗan tudu-tudu da ya rage kamar dasashin tsoho. Na zura yatsa cikin macen, wato ramin da sandar ke shiga, yatsan ya fito da wani gari ja mai duhu kamar garin Milo, busasshe ƙamas, ko ɗigon giris babu.

Wanda ba aikinshi bane ya tuna kik ɗin moto. Wannan ɗan sandan da ake zura ma kik, mai ƙananan tsagogi kewaye, wanda in ya cinye sai ka taka kik ya zame ƙasa fayau inji bai motsa ba, to shi ne. Haka sandar giyabos da faifan kuloci ke hawa kai, haka bakin aksul da ke shiga hob. Namiji da mace, sun shiga juna suna juyawa tare.

To me ya kai shi jirgi? Injin mota ba ya ba da ƙarfinshi sosai sai ya kai juyi 5000 zuwa 6000 a minti, ita kuwa farfela ba ta son haka sam. Ku ɗauki mai faɗin mita 1.8, in ka juya ta 5500 bakin reshenta na gudun sama da mita 500 a daƙiƙa alhali sauti kanshi wajen 340 yake yi, sai ƙara mai fasa kunne da asarar ƙarfi. A juyi 2400 kuwa bakin na yin wajen 226, daidai wa daida. Shi ya sa injin jirgi irin Lycoming aka yi shi ya tsaya wajen 2700 a ɗaura mai farfela kai tsaye, shi kuma Rotax 912 na Ostiriya da ke kai 5800 aka haɗa mai akwatin rage juyi tun daga kamfani, mai doki 100 ɗin yana ragewa 2.43 zuwa 1. Irin Rotax ɗin nan aka sa ma wasu ƙananan jiragen Zenith da aka harhaɗa nan Gana a filin jirgi na Kpong, inda Patricia Mawuli ta koyi aikin har ta zama matuƙiya. Wanda ya ɗauko injin mota kuwa shi zai nema ma kanshi wannan akwati, kuma yawanci akan sandar nan mai tsaga ake samun haɗin.

Da nace ma yaron haƙoranka sun cinye sai ya buɗe akwatin ya nuna min giyoyi yace Kawu ga su nan ƙalau. Nan na gane matsalar. Haƙorin giya daban ne, yana zuwa ya taɓa ɗan'uwanshi ya tura ya rabu, wani ya zo. Wannan kuwa ba ya rabuwa, duka sun cije lokaci guda suna riƙe har ranar da za a kwance. In sunansu ɗaya ne yaro zai duba inda ba nan bane. To ku kawo naku.

Na dawo, na karanta duka amsoshin da kuka turo, Allah ya saka da alheri.

Hajiyarmu da tace sandar kuɓewa, wallahi Hajiya kin gani da ido, ɗanyar kuɓewa haka take da layuka a tsaye daga kai har wutsiya, kuma yara za su riƙe sunan nan take. Abin da ya hana ni shi ne kamanni kawai ya faɗa kuma namijin kaɗai ya ɗauka, macen fa, kuɓewa ba ta da rami.

Malam daga Nima can Ankara ya kawo tsaga, yace a ce sanda mai tsaga, ni ma da ita na fara a sama. Amma Malam ka yi haƙuri, a gareji in kace sanda ta yi tsaga kowa zai ɗauka ta fashe ne, kuma a wannan aikin fashewar ma tana zuwa, daga gindin haƙorin take farawa ta bi a karkace, to ranar da za mu ce tsaga ta tsage an shiga ruɗani kan abin da rai ke rataye a kai. Wanda yace turmi da taɓarya shi ma na gode, sai dai taɓarya daka take yi tana fita, abin da muke gudu kenan. Masu cewa a bar shi sifilan tunda mun karɓi boris da kuloci da fistin, ban ƙi ba, ni kaina gobe zan faɗe ta a Magazin in ina sayen kaya, amma sifilan ba ta gaya ma sabon yaro komai.

Wadda ta zauna min ita ce ta Masta na, wanda a hannunshi na koyi kwance giyabos, yanzu ido ya yi rauni yana gida a Asawase, jikanshi ya karanta mai ya aiko da murya. Yace giya haƙoran juyi gare ta, wannan kuwa haƙoran riƙo ne, aikinshi kenan ya riƙe, ranar da ya fara wasa ya fara mutuwa. Baba Allah ya ƙara lafiya, ni dai na karɓa. Haƙoran riƙo, namiji da mace, sandar kuma sanda mai haƙoran riƙo.

Kuma ku duba yadda sunan ke buɗe ciwon da kanshi. Me ke sa riƙon ya yi wasa? Inji ba ya juya sanda sumul kamar fanka, bugu yake. Mai fistin 4 yana fashewa sau 2 duk juyi ɗaya, a juyi 1200 bugu 40 kenan a daƙiƙa, kowane bugu ya murɗa sandar ya saki. A mota akwai masu shanye wannan, sifirin ɗin da ke tsakiyar faifan kuloci, filawul mai nauyi, man da ke cikin kwanbata in otomatik ce, har tayoyi ma suna sha. Yaran nan don rage nauyi sun cire kuloci gaba ɗaya sun sassaƙe filawul, suka haɗa ƙarfe da ƙarfe, sannan a ɗaya bakin ga farfela mai dogayen rassa wadda in ta ɗau juyi ba ta son a hanzarta ta ba ta son a tsai da ta. Inji na fizga tana turjewa, sandar tsakani ta zama kamar igiyar da mutum biyu ke ja, kuma akwai wani juyi da bugun ke dacewa da lilon da abin ke yi da kanshi, sai ƙarfin murɗar ya ninka abin da injin ke bayarwa nesa ba kusa ba, har ta dinga komawa baya tana dukan ɗaya gefen haƙorin. Na tambayi yaron ko yana jin kaf-kaf-kaf in inji na silo, yace sosai ma Kawu, in ya ba shi wuta sai ya ɓace shi ya sa bai damu ba. Wannan ƙarar ita ce haƙoran ke dukan juna. Ko Rotax da akwatinshi ke da abin shanye bugu a ciki littafinshi ya hana a bar silo ƙasa da 1400.

Wannan ma na so mu ba shi suna, wani ɗan'uwa mai gyaran pragya, wato keke mai ƙafa uku, yace murɗa-saki, kuma ban ga abin ƙarawa ba.

Sai jan garin nan. In haƙoran na ɗan motsi a jikin juna, motsin da ido ba ya gani, suna goge fatar ƙarfen, ɓurɓushin ya sha iska ya yi tsatsa nan take, tsatsar kuma ta fi ƙarfen tauri sai ta zama kamar yashi tana ƙara ci, wasa ya ƙaru, duka ya ƙaru. In kuma sandar da macen ba su miƙe a layi ɗaya ba, ko da ɗan kaɗan ne, nauyin da ya kamata haƙora duka su raba sai ya faɗa kan 'yan kaɗan kuma kowane juyi sai sun goga. Na sa ma akwatin nasu agogon awo na ga farantin da suka yi walda ya ja gefe. Ga rashin giris, irin wurin nan mai moli ake sa mai, wannan baƙin mai santsi, ko a bar shi yana wanka da mai. Abu uku suka taru ma sanda ɗaya.

A moto in haƙoran riƙo suka suɗe ka tura ka kai ma mai walda ya ɗiga maka. Na gaya ma ɗan yayata a gaban uwarshi cewa wannan ba a ɗiga mai walda, zafin na kashe taurin ƙarfen, kuma ko sun sa sanda mafi kauri in ba su saka abin shanye murɗa-saki tsakani ba ciwon zai koma kan giya ne ko karanshaf. Nace kuma kafin maganar fiffike su nemi injiniyan jirgi na gaske da hukumar jiragen sama su duba musu.

Saura ɗaya da ban gamsu ba. In haƙoran sun tafi duka an ce wawulo, wannan ta zauna, haƙoran riƙo sun yi wawulo. Amma cin nan na ɓoye mai fidda jan gari tun haƙoran na nan da kyansu, an kawo ƙaiƙayewa an kawo cin juna, ni na fi karkata ga cin juna amma Masta bai ce komai a kai ba tukuna, gobe bayan la'asar zan kai mai sandar ya shafa da hannunshi in ji me zai kira shi.