Me za mu kira "coasting" da Hausa?

Mai Fassara:
Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masu sanin mota. Kalmar Turanci "coasting" na nufin mota ta ci gaba da tafiya da ƙarfin gudun da ta riga ta ɗauka, ba tare da inji na tura ta ba. Ana buƙatarta a rubutun faɗakar da direbobi kan tsimin mai da kiyaye haɗari. "Gangara" ce ta fara zo mini. Ko akwai wadda ta fi ta?

Bakanike:
Wa alaikumus salam. Malam, gangara ba za ta wadatar ba, domin ana yin abin a shimfiɗaɗɗiyar hanya ma, kamar in an tunkari danja ko shataletale. Kuma direbobi suna da tasu kalmar tuntuni: firi. In aka ce wane ya sa ta a firi, kowa ya gane ya zare giya ya bar mota tana tafiya. Wanda ya danne kuloci ya riƙe shi ma firin ya yi, tunda ya raba inji da tayoyi. Ni dai "tafiyar firi" zan ce.

Injiniya:
Oga, na yarda da tafiyar firi, amma rabin abin kawai ta ɗauka. Turawan kansu suna cakuɗa abubuwa biyu a kalmar nan, kuma a lissafin mai ba ɗaya suke ba.

Na farko shi ne wanda ka faɗa. Na biyu, giya na ciki, direba ya ɗaga ƙafa daga totur kawai. A motar da ke da injekta (na'urar fesa wa inji mai) da kwamfuta, muddin giya na ciki, ƙafa ba ta kan totur, juyin inji kuma ya haura wajen 1,200 zuwa 1,500 a minti, kwamfuta rufe mai take yi gaba ɗaya. Tayoyi ne ke juya injin a lokacin. Sai juyin ya sauko kusa da sulo, wato ɗan juyin da inji ke yi da kansa ba a taka totur ba, sannan ta sake buɗe mai don kada inji ya mutu. A firi kuwa babu abin da ke juya inji sai man da yake sha, dole ya zauna a sulo. Ƙaramar mota a sulo tana shan wajen rabin lita zuwa lita 1 a awa, ya fi haka in na'urar sanyaya mota na kunne. Mu ɗauki 0.8: minti ɗaya a firi ya ci mililita 13 ke nan, a giya kuwa sifili.

Imanin cewa firi na rage shan mai gadon zamanin kafireto ne, wato na'urar da ke haɗa mai da iska a tsofaffin motoci. Yawancin kafireto ba sa iya yanke mai, iskar da inji ke zuƙa tana ci gaba da jan sa ko an saki totur. A kan waɗancan motoci maganar tana da gindi. A kan na yanzu ta tsufa.

Bakanike:
Injiniya, kada dai a yi wa firi rashin adalci. A giya inji yana riƙe mota, gudunta ya yi saurin karyewa, sai ka koma kan totur da wuri. A firi tana yin nisa. In hanya ta miƙe, ba tsayawa za a yi ba, wani lokacin firi ya kan fi a lissafi.

Injiniya:
Gaskiya ne, kuma shi ya sa kamfanoni irin su Volkswagen da Porsche suka sa wa wasu motocinsu tsarin da kwamfuta ke raba inji da giya da kanta in an saki totur. Jamusawa na kiransa da kalmar da ke nufin tafiyar jirgin ruwa mai filafilai. Bambancin shi ne da ka taɓa burki ko totur, nan take ta mayar da giyar da ta dace da gudun. Hannun mutum bai kai nan ba. In kuwa za a tsaya ne ko ana sauka gangare, giya ce ta ci, ba gardama.

Malamin Tuƙi:
Ku bar ni in shigo ta ɓangaren rai, don shi ya fi mililita 13 ɗin nan. Littafin dokokin hanya na Birtaniya, a doka ta 122, ya fassara kalmar da tafiya a firi ko da kuloci a danne, ya ce tana rage ikon direba a kan mota. A Amurka ma akwai jihohi, har da Kalifoniya, da suka haramta sauka gangare a firi.

Ga abin da ke faruwa. Da an zare giya, riƙon da inji ke yi ya tafi, duk nauyin ya koma kan burki. A doguwar gangara takalman burki su yi zafi su daina kamawa sosai. Zafin ya kai ga man burki. Man burki nau'in DOT 3 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 205 na Salshiyos, amma man burki na shan danshi, kuma wanda ya sha yana iya tafasa tun a wajen digiri 140. In ya tafasa kumfa ta shiga bututu, ka taka burki ya tafi har ƙasa ba komai. A kwana ma motar da ke firi ba ta zama daram, kuma in ana son ƙarfi a kauce wa wani abu, sai an nemo giya tukuna.

Mafi muni shi ne masu kashe inji ɗungurungum. Bustar burki, wato na'urar da ke sauƙaƙa taka burki, da iskar da inji ke zuƙa take aiki, taku biyu ko uku suka rage a cikinta, daga nan burki ya yi tauri. Sitiyari ya yi nauyi, in an murɗa makulli har ƙarshe ma yana iya kullewa. A otomatik famfon man giya ya tsaya alhali kayan ciki na juyawa. Babbar mota mai burkin iska kuwa ko a sulo kwamfuresa ba ta cika tanki da saurin da ake zubar da iskar.

Saboda haka ina roƙon kada a ba abubuwan nan biyu, wato firi da ɗaga ƙafa daga totur giya na ciki, suna ɗaya. In rubutu ya ce abin yana tsimin mai, wani zai zare giya ya ce an ba shi izini.

Mai Fassara:
Na gode ƙwarai. To ga yadda zan sa: "tafiyar firi" ga zare giya ko danne kuloci, "sakin totur" ga ɗaga ƙafa giya na ciki, "burkin inji" ga riƙon da inji ke yi. Saura na kwamfutar. Wani ya turo mini "zurara".

Bakanike:
Zurara ta fi kama da ruwa ko mai da ke yoyo, za a zaci tanki ne ya ɓule. "Shawagi" fa? Shaho ya daina kaɗa fiffike amma bai bar sarrafa kansa ba.

Malamin Tuƙi:
Shawagi ta yi. Sai dai, Malam, ka ƙara wa burkin inji bayani: sakin totur a giya ta 5 ba ya riƙe mota a gangare mai tsauri. A rage gudu tun kafin a fara sauka, a koma ta 3 ko ta 2, mai otomatik ya sa L ko 2. Burki kuma a riƙa taka shi da ƙarfi ana saki don ya sha iska, kada a ɗora ƙafa a kai har ƙasa.