Na ajiye inhelar kullum don na ji sauƙi, asma ta dawo: ku fa?

Maman Safiya: Assalamu alaikum. Shekarata 9 da asma. Bara na yi wata huɗu ban ji ko ƙis ba, sai na ce ai na warke, na ajiye inhelar da likita ya ce in riƙa shaƙa safe da yamma, na bar shuɗiyar inhelar, wadda ake shaƙa in numfashi ya sarƙe, ita kaɗai a jaka. Ba a rufa wata ba, wani dare wajen ƙarfe 3 tari ya tashe ni, ƙirjina kamar an ɗaure shi da igiya, numfashina na fito har ana ji daga ɗaya ɗakin. Na shaƙi shuɗiyar ban ji wani sauƙi ba, sai asibiti. Akwai wanda ya taɓa irin wannan gangancin?

Baban Usman: Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da jiki. Ni sau biyu na yi, don ban ji magana da farko ba. A karo na biyu likita ya zana min hanyar iska a takarda, ya ce cikinta a kumbure yake ko a ranar da nake jin garau. Da ƙura ko hayaƙi ko sanyi ya taɓa ta, sai tsokar da ke kewaye da ita ta matse, majina ta taru, hanyar ta tsuke. Salbutamol, wato shuɗiyar, tsokar kawai take saki na 'yan awoyi, ba ruwanta da kumburin. Kumburin aikin ta kullum ce, irin su beclometasone da budesonide, kuma a hankali take aiki, shi ya sa muke raina ta. Ya ƙara da cewa tun 2019 ƙa'idojin kula da asma na duniya suka daina ba da shawarar babba ya dogara da shuɗiyar ita kaɗai.

Ummu Khalil: Ni ɗana ne, shekararsa 6. Ba a jin ƙarar fito a numfashinsa sam, tari kawai yake yi cikin dare da kuma bayan ya yi guje-guje. Mun daɗe muna ba shi maganin mura kafin a gano. Ko da aka ba mu inhela, ashe a baki da maƙogwaro maganin yake tsayawa, don ba ya iya haɗa dannawa da jan numfashi. Wata nas ta ba mu sifesa, robar nan mai kama da kwalba da ake soka inhelar a gindinta, ta zaunar da shi a cinyata ta ce ya ja numfashi a hankali bayan kowace dannawa ɗaya. Tun daga nan muke barci.

Maman Safiya: Anti, ni ma babba zan iya amfani da ita?

Ummu Khalil: Ƙwarai kuwa, ba ta yara kaɗai ba ce. Kuma ki riƙa kurkure baki bayan kin shaƙi ta kullum ɗin, in ba haka ba fari-fari kan fito a harshe.

Ɗan Autan Gida: Nawa ya bambanta. Ban taɓa fasa magani ba, amma na sha ibuprofen saboda ciwon haƙori, kafin awa guda numfashi ya sarƙe. Daga baya aka gaya min wasu masu asma ba sa jituwa da shi da asfirin. Yayata ma asma gare ta, tana sha lafiya lau. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne masu ce min son jiki ne, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 262 na da ita a 2019, ta kuma yi ajalin 455,000 a shekarar.

Baban Usman: Hajiya, ranar da kika ga ba kya iya ƙarasa magana sai kin tsaya jan numfashi, ko leɓe ya soma sauya launi, kada ki jira gari ya waye.

Maman Safiya: Na gode Alhaji. Na koma kan ta kullum tun da aka sallame ni, yanzu kusa da buroshina nake ajiye ta. Sifesar ce zan tambayi likita ranar Litinin, in sha Allah.