Kaya sun ɓata a hanya, mai saye na neman kuɗinsa: wa ya taɓa shiga wannan?

Mai atamfa, Kano:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Na tura wa wata baiwar Allah turmi shida zuwa Jos ta tasha. Sati biyu ke nan, ita ta ce ba ta ga komai ba, direba ya ce ya ajiye wa ɗan kamasho, ɗan kamasho ya ce shi bai san zancen ba. Yanzu ta kai ƙara bankinta, an riƙe kuɗin a asusuna. Wanda ya taɓa gani ya ba ni labari.

Mai turare, Maiduguri:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Ni nawa turaren wuta ne da humra. Abin da ya cece ni hoto: na ɗauki kwalin, lambar motar, da direban riƙe da kayan, na tura wa mai saye kafin motar ta tashi, ta amsa da "to, na gani". Da rigima ta taso, shugaban tasha ya kira direban, aka raba asarar biyu tsakanina da shi. Ban ji daɗi ba, amma da babu gara ba daɗi.

Ɗan Zariya a Ingila:
Mu nan da rasit ake magana, rantsuwa ba ta aiki. Ina sayar da huluna, ana biyana ta PayPal, kamfanin biyan kuɗi ta intanet. Mai saye yana da kwana 180 ya buɗe ƙorafi. Kariyar da suke ba mai sayarwa tana da sharaɗi: ka aika zuwa adireshin da ke jikin cinikin, kuma lambar bin sawu ta nuna an kai. Wani ya roƙe ni a saƙo in canja zuwa gidan ƙaninsa, na yi masa kara, kaya suka ɓata, kuɗi suka koma masa. Laifina ne, ban ga wanda zan zarga ba.

Mai takalma, Kaduna:
Hajiya, kada ki ji haushina. Na kai irin wannan wajen malaminmu, ya ce kayan da aka sayar da siffantawa, mai saye bai gani ba, lamuninsu na wuyan mai sayarwa har su shiga hannun mai saye, sai in an gindaya sharaɗi tun farko. Na biya, raina na suya. Yanzu kafin a turo ko sisi nakan rubuta: "Kai za ka zaɓi direba, da na miƙa masa, sun zama naka."

Mai atamfa, Kano:
Na gode ƙwarai. Hoto kam ban ɗauka ba, direban ɗan unguwarmu ne, kunya ta hana ni. Amma ina da saƙon muryarsa yana cewa ya karɓa. Gobe da sassafe ni da yayana za mu wajen shugaban tashar, daga nan mu wuce banki.