Abin da na tsinta a hirarmu ta ƙaramin layin dogo

Jiya da daddare a Sabon Gari mun daɗe muna tattaunawa kan haɗa ƙaramin layin jirgin ƙasa na kwaikwayo a gida, ga abin da na riƙe.

Yawanci sun ce mai farawa ya ɗauki girman da ake kira HO, wato 1:87 (jirgin gaske ya ninka shi sau 87 a tsawo), faɗin layinsa milimita 16.5, ya fi sauƙin riƙewa a hannu. In ɗakin ƙarami ne sai girman N, wato 1:160. Katakon da za a shimfiɗa a kai a sa masa maganin gara tun farko, kar a yi wasa da wannan wallahi.

Inda aka fi daɗewa maganar ƙasar da za a barbaɗa a kan katakon ce. Ka debo jar ƙasar nan tamu ta Zariya, ka shanya ta bushe, ka tankaɗe da rariya, sannan ka bi ta da maganadisu don ƙananan ƙarafan ciki suna manne wa injin jirgin su lalata shi, sai ka dama farin gam da ruwa da ɗigon sabulu ka ɗiɗɗiga a kai. Ni wannan ta fi burge ni gaskiya.

Haɗa bishiya kuwa waya da soso sun isa. Lokacin hunturu a dinga rufe layin da zani, don ƙura na hawa kansa sai wuta ta daina kai wa jirgi, ya tsaya cak.