Tutocin USE: wanne zan kunna, wanne zan ƙyale?

Bashir: Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya da daddare na gama kafa Gentoo, nau'in Linux ɗin nan da ake gina manhajoji a kan injin mutum, kwamfutar tana tashi, sai dai baƙin allo ne da rubutu kawai. Yanzu Plasma nake so na ɗora, wato fuskar kwamfuta ta KDE mai tagogi da gumaka. Na buɗe jerin tutocin USE, wato zaɓuɓɓukan da ke kunna ko kashe wani sashe na manhaja lokacin gina ta, na ga ba su ƙirguwa, kaina ya ɗaure. Wani ya ce na rubuta USE="-*" a make.conf, babban fayil ɗin saitin Gentoo, sannan na riƙa kunna abin da nake so ɗaya bayan ɗaya. Ya kuka gani? Kwamfutar HP EliteBook 840 G3 ce, i5, RAM gig 8.

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Wanda ya ba ka shawarar nan, ko dai ya tsufa a harkar har ya manta wahalar farko, ko kuma yana da jiƙaƙƙiya da kai. Kar ka yi. Wannan tauraron yana share duk tutocin da masu kula da Gentoo suka zauna suka zaɓa, har da waɗanda ba ka san kana dogara da su ba sai ranar da suka ɓace. Kafin komai, buga eselect profile list ka gaya mana wane furofayil, wato shiryayyen tsarin tutoci, aka yi wa alama.

Bashir: default/linux/amd64/23.0 ne Malam, babu komai a bayansa.

Malam Sani: To ga matsalarka nan. Koma kan wanda ya ƙare da desktop/plasma. Idan stage3 ɗin da ka sauke, wato kunshin farko na kafa Gentoo, na OpenRC ne, kar ka ɗauki mai systemd a ƙarshe (su biyun tsarin tayar da ayyukan kwamfuta ne daban-daban), ka tsaya inda kake. Furofayil ɗin shi da kansa zai kunna maka X, wayland, dbus, elogind, policykit, udisks, cups, bluetooth da su jpeg da png da mp3. Rabin abin da za ka kwana kana rubutawa da hannu yana ciki. Bayan ka sauya, emerge --info zai nuna maka duk abin da yake kunne, sai ka karanta shi a natse kafin ka ƙara ko harafi ɗaya.

Rukayya: Ƙari a kan maganar Malam, ka san da cewa tun Disambar 2023 Gentoo ke raba dafaffun kunshin manhaja, wato waɗanda aka riga aka gina, a hukumance? Ka sa getbinpkg da binpkg-request-signature a layin FEATURES na make.conf, ka buga getuto sau ɗaya don makullan sa hannu. Amma ga sharaɗin da mutane ba sa lura da shi: Portage, mai saka manhajoji a Gentoo ta umarnin emerge, ba ya ɗauko dafaffe sai tutocinka sun dace da waɗanda aka dafa shi da su. Ka kashe tuta ɗaya a make.conf don kwalliya, duk wani kunshi da ya san tutar ya koma ɗanye, sai ka dafa da kanka. Ke nan kowace tuta da ka taɓa, da lokacinka da wutarka za ka biya kuɗinta.

Aminu: Haba Anti Rukayya. In dafaffe mutum zai ci, me ya kawo shi Gentoo? Ai ga Debian can 😂 Daɗin abin shi ne ka cire abin da ba ka so. Ni ba ni da firinta, ba ni da faifan DVD, don me zan ajiye cups na firinta da dvd?

Rukayya: Aminu, kwamfutarka ƙwaƙwalwar aiki (core) nawa gare ta?

Aminu: 12.

Rukayya: Ta Bashir 2 ne, zare (thread) 4, kuma kai kana da sola a gida. Ni na taɓa yin irin naka a tsohuwar ThinkPad. Na kashe cups ina jin kaina gwana, na kwana ina sake gina abubuwa, bayan wata biyu aka ce na buga takarda a ofis, na sake kunnawa, na sake kwana. Wurin da na tsira da shi a faifai bai kai hoton biki ɗaya ba.

Aminu: Na yarda da batun cups. Amma akwai tutar da ko Anti ba za ta yi min musu a kanta ba: webengine. Wasu manhajojin KDE na janyo qtwebengine, wanda kusan burauzar Chromium ce sukutum a ɓoye. A injin Bashir zai iya cinye yini guda, fanka na kuka kamar injin markaɗe.

Rukayya: Wannan gaskiya ne, in har zai gina shi da kansa. Ya fara dubawa ko dafaffensa ya dace, in ya dace shi ke nan. In bai dace ba ya kashe webengine a kunshin da ke janyo shi. emerge -pvt zai nuna masa wa ya gayyato wa.

Malam Sani: Kun kawo mu inda nake son zuwa. Bashir, wuri biyu ake rubuta tuta. Abin da ka sa a make.conf ya hau kan kowa da kowa. Abin da ka sa a /etc/portage/package.use ya tsaya a kan kunshin da ka ambata kaɗai. Ni shekara da shekaru layin USE ɗina a make.conf bai wuce kalma huɗu ba, sauran duk suna package.use, kowanne da ɗan bayani a samansa na dalilin da ya sa na saka shi. Bayanin nan kar ka raina shi. Bayan wata shida za ka ga layi ka rasa uban da ya rubuta, alhali kai ne. Ka kuma saka gentoolkit, equery uses da sunan kunshi zai faɗa maka aikin kowace tuta a wurinsa, don tuta ɗaya ba lallai ta yi aiki iri ɗaya a ko'ina ba.

Bashir: Na gode ƙwarai. To ga abin da na riga na rubuta, ku duba min: COMMON_FLAGS="-O3 -march=native -pipe", MAKEOPTS="-j8", sai USE="-pulseaudio pipewire" tunda an ce PipeWire ake yayi wajen sauti maimakon PulseAudio.

Malam Sani: Uku ka rubuta, uku za mu gyara 😄 Mayar da -O3 zuwa -O2. Saurin da ake faɗa ba za ka gan shi da ido ba, in kuma wani abu ya ƙi ginuwa shi za a fara tuhuma. -march=native ba laifi, muddin ba za ka kwashi abin da ka gina ka kai wata kwamfutar ba. -j8 kuwa, wato aikin gini takwas a lokaci guda, ganganci ne. Ƙa'idar da ake bi ita ce kowane aiki ɗaya a ware masa wajen gig 2 na RAM, kuma kar a wuce yawan zaren injin. Kai 4 ne iyakarka, a manyan kunshi ma 2 ko 3 ya fi maka kwanciyar hankali. Ka tabbata kana da swap, wato wurin faifai da ke tallafa wa RAM in ta cika.

Rukayya: Na ukun kuma shi ne tarkon da kowa ke faɗawa. Tutar pulseaudio a yawancin manhajoji ba tana nufin a ɗora maka PulseAudio ba ne, tana nufin manhajar ta iya yarensa. PipeWire kuma yaren yake ji. Ka kashe ta, ka buɗe bidiyo a Firefox ka ji tsit. Bar ta a kunne, sai ka ba media-video/pipewire tutar sound-server a package.use.

Aminu: Kar a manta VIDEO_CARDS="intel" da INPUT_DEVICES="libinput". Sannan ka saka cpuid2cpuflags, zai fitar maka da layin CPU_FLAGS_X86 na injinka, ka kwafa. Kar ka kwafi na wani a intanet. In kana kallon bidiyo sosai ka kunna vaapi ka saka libva-intel-media-driver, batir zai gode maka.

Issoufou: Sannunku ƴan uwa, gaisuwa daga Damagaram. Ni nawa ba na sauri ba ne. Bashir, in kana rubutun Hausa ka saka media-fonts/noto ko dejavu tun yanzu, in ba haka ba ɓ da ɗ da ƙ za su iya fito maka kamar akwatuna. Ka gwada da ƴ ma, mu nan da ita muke rubutu, ku can kuna sa 'y. Tsarin allon rubutu na Hausa yana cikin xkeyboard-config, ƙarƙashin Najeriya akwai, ƙarƙashin Gana ma akwai, a saitin Plasma za ka zaɓa. ha_NG kuma, wato saitin harshen Hausa na Najeriya, a /etc/locale.gen ake ƙara shi. Ba ruwan waɗannan da tutocin USE, amma gara a faɗa maka yau.

Bashir: Madalla, ban ma yi tunanin wannan ba. Tambaya ta ƙarshe, don Allah. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar gini fa? Batirina awa ɗaya da rabi yake yi.

Malam Sani: emerge --resume zai ci gaba da jerin daga inda ya tsaya, amma kunshin da aka katse daga farko zai faro. Shi ya sa manya ba a wasa da su: ɗauki firefox-bin, rust-bin, libreoffice-bin da gentoo-kernel-bin, ka bar gina kanel, wato zuciyar Linux, sai ka zauna da gindinka. Lokacin da kake da data mai arha ka yi emerge -f ka sauke komai, ginin ya biyo baya. Kuma ka ɗaga kwamfutar daga kan katifa, zafin watan Afrilu ba ya tausayin kowa.

Aminu: In freetype da harfbuzz, kunshin da ke zana haruffa, suka ce kowanne sai ɗan'uwansa ya riga shi shiga, kar ka firgita. Gina freetype sau ɗaya da -harfbuzz, sannan ka mayar.

Malam Sani: Yanzu buga emerge -avuDN @world, ka turo mana abin da ya fito kafin ka amsa masa.

Bashir: Ga shi. Yawanci an rubuta binary a gefensu, wato dafaffu, 'yan kaɗan ne ebuild, wato ɗanyu. A ƙasa ya lissafo wasu da ya ce ya ƙyale dafaffensu saboda USE bai dace ba.

Rukayya: Karanta wannan jerin na ƙasa, yana faɗa maka tutar da ta jawo. In ba ka da hujja a kanta, cire ta ka sake bugawa.

Bashir: Barkanmu da safiya. Plasma ta tashi, sauti na fita, ƙ da ɗ sun fito ras 🙏 Saura Wi-Fi, ko alamarsa babu, da wayata nake jona intanet ta kebul.

Malam Sani: Ka saka linux-firmware, kunshin da katin Wi-Fi ke buƙata kafin ya yi aiki?

Bashir: Na gwada, ya ce an rufe shi saboda lasisi.

Malam Sani: Haka ne, Gentoo daga gida lasisin 'yanci kaɗai take karɓa. Buɗe /etc/portage/package.license ka rubuta sys-kernel/linux-firmware @BINARY-REDISTRIBUTABLE, ka saka shi, ka yi rc-update add NetworkManager default, sannan ka sake tayar da kwamfutar. In har yanzu shiru, buga dmesg ka turo min abin da ya ce game da iwlwifi, direban Wi-Fi na Intel.