Samful: mu ce masa tsakure

'Yan'uwa masu haɗa kiɗa a situdiyon Kaduna, daga Tudun Wada har Barnawa, kullum sai na ji ana cewa "na yi samful", "samful ɗin nan ya zauna". Ni dai a ganina muna da kalmar da ta fi wannan dacewa: tsakure.

Ga wanda bai san aikin ba, bari in ɗan buɗe shi da misalin wani salon waƙa. Salon neo soul, wanda ya yi tashe a Amurka a shekarun 1990 (wani mai kamfanin waƙa, Kedar Massenburg, ne ya raɗa masa sunan), muryarsa ta tsofaffin mawaƙan soul ce, gangarsa kuwa ta hip hop. Mai haɗa kiɗa zai ɗauko tsohon faifai, galibi na shekarun 1970, ya yanko daƙiƙa uku ko huɗu inda ganga ta yi daɗi, ya loda a na'urar MPC ta kamfanin Akai mai madannai 16, ya rage masa gudu, ya sa ya riƙa maimaita kansa. A kai ake ɗora bes mai kauri da fiyanon Rhodes mai taushin sauti, sannan mawaƙiya ta rera, ta koma ta yi wa kanta amshi murya kan murya. J Dilla, wani mai haɗa kiɗa na Detroit, ya yi suna ne saboda ba ya barin na'ura ta miƙe masa bugun. Sai ka ji gangar tana jan ƙafa, kamar za ta makara amma ba ta makara. Wannan guntun da aka yanko, shi muke nema wa suna.

Wani ya ce a ce samfur. A'a, malam. Samfur ya riga ya sami gida: shi ne ƙyallen da mai atamfa zai nuna maka a kasuwar Sheikh Gumi kafin ka saya. Guntun kiɗan nan ba don a duba aka yanko shi ba, da shi ake gina waƙar.

Wata yayata ta ce a ce aro. Yaya, na so shi, sai dai abin aro ana mayar da shi, wannan kuwa biya ake yi. Tun wata shari'a kan yanko kiɗan wani ba izini da aka yanke a New York a 1991, kamfanonin waƙa suka daina wasa da neman izinin mai faifai. Masu cewa a kira shi sata kawai, na ji ku, amma wanda ya nemi izini ya biya fa?

Tsakure kuwa kunnenmu ya saba da shi. A rediyo ana cewa "ga tsakure daga jawabin gwamna", kowa ya gane ɗan kaɗan ne aka ciro daga abu mai tsawo, kuma an san mai shi. Ga shi yana juyuwa yadda ake so: na tsakuro, an tsakure, mai tsakure. Samful ba ya wannan sai an jingina masa "yi".

Ku gwada a baki: "Na tsakuro kalangun Shata, na rage masa gudu, na ɗora bes." Wanda ya ji ta yi masa nauyi a harshe, ya kawo tasa a ƙasa mu auna.