Ƙaton allon talla a filaza: sassauci ne ko ƙofar baya ce ta manya?

Abban Nana: Salamu alaikum jama'a. Wata takarda ce ta iso ni shago jiya ta hana ni barci. Kun san ina da ɗan shagon kayan abincin gida a wata filaza nan jihar Ohayo ta Amurka, su garin rogo, manja, daddawa, busasshen kifi. To dokar garinmu ta ce allon talla da ake kafawa a bakin titi kada tsawonsa ya wuce ƙafa 20, yanzu babban kantin da ya kama rabin filazar ya shigar da takarda wai a yi masa sassauci ya kafa mai ƙafa 35 har da wuta mai canza rubutu, an kira mu maƙwabta zama ranar Talata da yamma. Ni dai magana ɗaya nake yi, wannan sassaucin ƙofar baya ce da aka buɗe wa masu kuɗi. In doka doka ce ta hau kowa.

Injiniya: Wa alaikumus salam Yaya. Ka yi haƙuri amma ban yarda ba. Ai sassaucin shi ma cikin dokar yake, ba a bayan fage ake yi ba, shi ya sa ma aka aiko maka takarda. Wanda ya rubuta ƙafa 20 bai zagaya kowane fili ya gani ba, wani filin a kwari yake, wani gada ta tare shi, wani an ja shi can baya nesa da titi. Shi ya sa kusan kowane gari a Amurka akwai kwamitin sauraron koke kan dokar tsara gari, kuma abin da suke nema ka nuna shi ne takurar daga yanayin filin take, ba kai ka jawo wa kanka ba, kuma "ina son ƙarin ciniki" kaɗai ba hujja ba ce.

Abban Nana: A takarda kenan ƙanena. Su fa lauya za su zo da shi da mai zane da hotuna a kwamfuta, ni kuwa in na rufe shago ƙarfe shida na tafi zaman wa zai biya ni cinikin yamma?

Hajiya Mai Atamfa: Ni abin ma dariya yake ba ni wallahi, wai mutum da kuɗinsa da shagonsa sai an auna masa allo da tef. Ku zo kasuwar Kantin Kwari ta Kano ku gani, kowa ya rataya abin da ya ga dama, wani banar ma ta rufe tagar na sama, kuma ciniki ake ba fashi. Abban Nana ka bar su su kafa mana, in allon ya jawo mutane filazar ai kai ma ka samu, wanda ya zo sayen sabulu zai hango manjanka.

Abban Nana: Hajiya Allah ya ƙara kasuwa, bari in kwatanta miki allon. Ƙarfe ne dogo an yanka shi gida-gida, kowane ɗan haya da layinsa. Nawa ne na ƙarshe a ƙasa, faɗinsa bai fi tabarmar sallah ba, ga wasu shuke-shuke da mai filaza ya dasa a gindin, da bazara sai sun cinye rabin sunan shagon, da hunturu kuma motar share ƙanƙara ta tara tudu a wurin. Na duba zanen sabon da suka haɗo da takardar, duk ƙarin ƙafa 15 ɗin nasu ne, layina yana nan inda yake, sai ma dai yanzu wuta za ta riƙa walƙiya a samana ido ba zai sauko ƙasa ba sam.

Malam Ɗan Jarida: Hajiya ba a raina maganar girman allo fa. Ranar 13 ga Mayu 2024 a unguwar Ghatkopar ta Mumbai iska ta kayar da wani allo a kan gidan mai, mutum 17 suka rasu, yawanci waɗanda suka fake wa ruwa ne da masu shan mai. Allon ƙafa 120 ne tsawo 120 faɗi, alhali ƙa'idar birnin 40 da 40 ce, ku lissafa girman fuskar allon, ninki tara kenan. Allo tamkar filafilan jirgin ruwa ne, iya girmansa iya iskar da yake tarewa.

Hajiya Mai Atamfa: Innalillahi. To wannan kam ban ji ba, Allah ya kiyaye.

Injiniya: Malam wannan misalin ai ni yake goya wa baya. Na Mumbai hukumar birnin ba ta ba shi izini ba, ba wani zama da aka kira maƙwabta. Inda ake bin hanyar sassauci dole ka kawo lissafin injiniya na iska da zurfin tushe kafin a ba ka izinin gini. In ka toshe ƙofar da ake shiga da sallama mutane katanga za su haura.

Kawu na Legas: Ku yara kuna ta zagaye. Matsalar ba allo ɗaya ba ce, na biyu da na uku ne. Yau a ba wannan 35, gobe na tsallaken titi ya zo ya ce ai an ba maƙwabcina, da wane baki za a hana shi? Shekara biyar sai ka ga dokar ƙafa 20 ta zama ta marasa lauya kaɗai. Sao Paulo ta Birazil da abin ya ishe su a 2006 suka yi dokar tsabtace birni zamanin magajin gari Gilberto Kassab, aka sauke allunan tallan kan titi, na shaguna kuma aka ɗaure shi da faɗin gaban shagonka, in bai kai mita 10 ba allonka kada ya wuce murabba'in mita ɗaya da rabi. Kowa ya san nasa, ba roƙo ba alfarma, kuma birnin bai mutu ba.

Injiniya: Kawu da girmanka, a ƙa'ida kowane fili da shari'arsa, ba a cewa don an ba wane sai a ba ni.

Kawu na Legas: A ƙa'ida. Ɗana 'yan kwamitin nan mutanen gari ne masu aikin sa kai, an ce musu kanti zai kawo aiki da haraji, kai kana ganin za su iya kallon idonsa su ce a'a?

Malam Ɗan Jarida: Suna iyawa fa Kawu in garin na da kishin kansa. A Sedona ta jihar Arizona har McDonald's sai da suka haƙura da ruwan ɗorawar tambarinsu, suka yi shi shuɗi-kore a 1993 don kada ya ɓata kallon jajayen duwatsun garin, yana nan har yau mutane na zuwa ɗaukar hoto.

Anti Nas: Ni tambaya ɗaya gare ni Abban Nana, filazar taku a kwari take ko a'a? Don duk musun nan a kanta ya tsaya.

Abban Nana: Gaskiya Anti ɗan gangare ne, in ka taho daga gabas gadar sama tana tare allon sai ka kusa wucewa. Amma daga yamma tun daga nesa ake ganinsa.

Injiniya: To ka gani Yaya, suna da rabin hujja. Ni a wurinka ba zan je in ce a hana ba don da wuya ka ci, zan je in ce in za a ba su a ba su mafi ƙanƙantar abin da zai magance gadar, ƙafa 26 ko 28, kuma kwamiti na da ikon sa sharaɗi, a rage hasken da dare, a ɗaga layukan ƙananan shaguna sama da shukokin nan.

Kawu na Legas: Wato shi ma ya shiga layin masu roƙo kenan.

Abban Nana: Kawu ra'ayina bai canza ba, ƙofar manya ce, amma tunda a buɗe take bari in leƙa. Na yi magana da mai wankin kaya da matar da ke gyaran farce, su ma layinsu na ƙasa, mun ce za mu je tare, minti uku-uku ake ba kowa. Injiniya turo min yadda zan tsara maganar sharaɗin nan, yau kafin magariba zan fita in ɗauki hoton allon daga kan gadar da kuma daga yamma.